Gwaggo Kwastam da Littafi Mai Koren Bango

Gwaggona, yayar babana, shekara ashirin da shida ta yi tana aikin metiron a makarantar kwana ta 'yan mata, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa jin ɗaliba ɗaya ta kira ta da sunanta ba. A gabanta Mama, da ta juya baya Kwastam. Ta san da sunan sarai. Ina ma kyautata zaton daɗi yake mata, don na taɓa ji da kunnena tana ce wa mai gadi, "Je ka gaya musu Kwastam ta ce kowa ta buɗe akwatinta."

Ba a banza ta samu sunan ba. Ranar dawowa daga hutu takan kafa kujera a bakin ƙofar ɗakin kwana, ta ɗaure ɗankwali tamau, kowace yarinya ta zazzage kayanta a gabanta. Ta ciro waya daga cikin garin sabulu. Ta ciro jambaki daga cikin safa. Ta ciro hitar dafa ruwa daga cikin burodin da aka rarake aka mayar da murfinsa. Wata mai wayo ta ɗinke ƙaramin rediyo a tsakiyar filo, Gwaggo ta ɗaga filon, ta jinjina shi a hannu, ta ce, "Audugar gidanku akwai nauyi." Duk abin da ta ƙwace yakan shiga wani dogon kabad na ƙarfe da ke ɗakinta, makullinsa kuwa a wuyanta yake kwana.

Ita ce babba a cikin su tara. Tana aji huɗu na firamare mahaifiyarsu ta kwanta ciwo, aka cire ta daga makaranta ta riƙe gida. Ita ta goyi babana, kuma har yau ba ta bari ya manta ba. Ko a gaban surukansa sai ta nuna shi da baki ta ce, "Wannan da kuke gani da furfura, bayana ya mayar bayan gida." Ta yi shekara goma sha ɗaya tana wankin zanin gado a asibiti. Ta auri wani direban babbar mota, mutumin kirki mai yawan barci, ya rasu bai bar mata ɗa ba. Daga nan ta samu aikin makarantar. Tana iya karatu, amma a hankali, yatsa a kan layi, leɓe na motsi. Abin da take karantawa a duniya bai wuce takardar magani da jerin sunayen ɗalibai da sanarwar shugabar makaranta ba. Littafin labari, a ganinta, abu ne da marasa aikin yi suke rubuta wa 'yan'uwansu marasa aikin yi.

To, ana saura shekara huɗu ta yi ritaya wani littafi ya shigo makarantar kamar ciwon ido. Wata matashiyar marubuciya ce ta rubuta shi don samari da 'yan mata, kuma a shekarar duk inda ka ga yarinya ta yi shiru, to shi ne a cinyarta. 'Yan makarantar ba sa faɗin sunansa don kada a gane, Mai Koren Bango suke ce masa. Sukan yage bangon su liƙa masa na littafin kimiyya. Malamin kimiyya ya kwashe mako biyu yana murna, yana gaya wa abokan aikinsa cewa a ƙarshe yaran nan sun gane darajar darasinsa, sai ranar da ya ga wata tana share hawaye a kan babin gishiri da ruwa, jikinsa ya ba shi.

Shugabar makaranta ta kira Gwaggo ofis. Ta ce iyaye sun fara ƙorafi, an ce littafin cike yake da iskanci, kuma za a kai maganar taron iyaye da malamai.

"Ni ba ni da lokacin karanta shirme," in ji Shugaba. Ta miƙo mata guda ɗaya daga cikin waɗanda aka ƙwace, da jan biro. "Ki duba min, duk inda kika ga abin da bai dace ba ki ja masa layi. Hujja nake so."

Gwaggo ta karɓa da yatsu biyu, ta jefa a jaka.

Washegari ranar ganin likitanta ce na hawan jini. Ta isa asibiti da safe ta tarar da layi har bakin ƙofa, fanka ba ta aiki. Ta laluba jaka ta ciro littafin, ba don komai ba sai don ta yi fifita. Da hannunta ya gaji, ta ce bari dai ta fara farautar iskancin, ko aikin ya ragu. Ta gyara tabarau, ta cire murfin biro.

Labarin wata yarinya ne 'yar shekara goma sha shida da ake tsokana da Kumatu. An sallami babanta daga aiki, amma bai gaya wa kowa a gida ba. Kullum da safe sai ya sa riga gogaggiya, ya rataya jaka, ya yi sallama ya fita. Wata rana Kumatu ta bi shi a baya, ta same shi zaune kan benci a tashar mota yana karanta tsohuwar jarida. Ba ta bari ya gan ta ba, ba ta kuma gaya wa mamanta ba. Abin da ta yi kawai shi ne ta karɓe gugar rigarsa, kowace safiya ita ke yi. A gefe guda kuma akwai wani saurayi mai gyaran keke, wanda marubuciyar ta ɗora wa gashin ido kamar na raƙumi.

Gwaggo ta ce da saurayin ya shigo labarin ta gyara zama, ta ce yawwa, ga ɗan iskan ya iso. Ta saita biro. Shafi talatin ya wuce yana gyaran sarƙa. Wani shafi ashirin ya wuce yana ɗaure birki. Can dai suka haɗu su biyu a bayan shago, ba kowa, zuciyar Kumatu na bugawa, Gwaggo ta ɗora bakin biro a kan takarda, sai yaron ya miƙa mata famfon keke ya ce ta riƙe masa.

"Famfo!" Gwaggo ta faɗa da ƙarfi. Tsohon da ke kusa da ita ya zabura ya ce ina, ruwa ne ya fashe?

Ba ta ji an kira sunanta ba. Sau uku nas ta kira. Sai da layi ya watse, mai shara ta zo ta ce ta ɗaga ƙafa, sannan ta ɗago ta ga likita ya tashi. Ta koma makaranta ba magani, biro bai taɓa takarda ba.

Kwana tara ta yi a kansa, don na gaya muku karatun nata tafiyar kunkuru ne. A rana ta tara ta kai inda Kumatu ta yanke shawarar tunkarar babanta. Ta shiga tasha, ta hango shi kan bencin, ta nufe shi, ya ɗago kai. Gwaggo ta lashi yatsa ta buɗe shafi na gaba, sai ta ga bangon littafin kimiyya. Shafi ashirin na ƙarshe babu su. Ashe yaran yayyaga littafin suke kashi-kashi don kowa ta samu na karantawa, kuma kashin ƙarshen yana hannun wata.

Babana ya ce ranar ta kira shi a waya, ya ɗauka rasuwa aka yi. "Yaran nan ba su da tsoron Allah," kawai take maimaitawa.

Da safe, ɗalibai na aji, ta shiga ɗakunan kwana ta yi binciken da ba a taɓa gani ba a tarihin makarantar. Ta ɗaga katifu, ta kife bokitai, ta sa mai gadi ya leƙa silin. Da yaran suka dawo suka tarar an birkice komai, suka ruga wajen gadajensu. Amma da kowa ta duba, sai ga wayarta a kan filo an ajiye mata a mutunce. Ga hita, ga jambaki, ga madubi, ba abin da aka ɗauka. Wannan ya fi ƙwacen tsorata su. Wasu suka ce Kwastam ta samu taɓin hankali, wasu suka ce tarko ne, har aka samu wadda ta kai wayarta da kanta ta ce don Allah a karɓa.

Shafukan dai ba su fito ba. Dole Gwaggo ta aika a kira mata wata 'yar aji biyar da ake ce wa Aku, wadda bakinta ba ya hutawa, kuma wadda aka fi kamawa da littafin. Aku ta shigo. Gwaggo ta rufe ƙofa, ta sha toka.

"Ke, littafin nan na banza da kuke ɓata lokacinku a kai."

"Wallahi Mama na daina."

"Ban tambaye ki ba. Da ta je wajen uban a tasha, me ya faru?"

Aku ta ɗago kai. Ta kalli Gwaggo, ta kalli littafin da ke kan gado da tabarau a tsakiyarsa. Murmushi ya fara taso mata, tana danne shi.

"Mama, karantawa kike yi?"

"Bincike nake yi. Hukuma ce ta sa ni. Za ki faɗa ko sai na tuna hitar da na gani a ƙarƙashin gadonki?"

Aku ta ce faɗa da baki ɓata labarin zai yi. Ta sunkuya ta cire takalminta, ta zaro shafukan a ninke daga ƙarƙashin shimfiɗar takalmin. Gwaggo ta ce ko da ta shekara tana bincike ba za ta duba nan ba, kuma warin da suka yi ya isa ya tashi wanda ya suma. Haka ta toshe hanci ta karanta.

Kumatu ta je ta zauna kusa da babanta a kan bencin. Can ya ninke jaridar ya ce, "Tun yaushe?" Ta ce, "Tun farkon damina." Suka tashi suka tafi gida tare don su gaya wa maman, suka tarar ta sani tun makon farko, ita ma shiru ta yi don kada ta karya shi. Mai gashin idon kuwa, iyayensa suka tashi zuwa wani gari, ya tafi, shi ke nan.

Aku ta rantse ta ga Kwastam tana goge ido da bakin ɗankwali. Gwaggo ta ce warin takalmi ne.

Ranar taro ɗaki ya cika. Shugaban iyaye, wani mai sayar da tayal da ke son lasifika kamar ransa, ya buɗe da cewa tarbiyya ta mutu an binne ta. Sai malamin harshe ya miƙe, wanda yara ke kira Malam Nahawu saboda ko gaisuwa ka yi masa sai ya gyara maka. Ya ce littafin ba adabi ba ne. Jimlolinsa gajeru ne kamar na mai haki, babu azanci, babu hikima, babu darasi a ƙarshe, kuma a shafi na bakwai kaɗai ya ga kuskuren rubutu huɗu. Aka tafa masa. Shugaba ta ce yanzu metiron za ta karanto wuraren baɗalar, iyaye mata su yi haƙuri da abin da za su ji. Maza suka gyara zama.

Gwaggo ta tashi da littafin a hannu. Ba ta taɓa magana a taro ba, aikinta jera kujeru ne.

"Kafin nan," ta ce, "waye ya karanta shi a nan? Har ƙarshe nake nufi."

Kowa ya kalli na kusa da shi.

"Malam?"

Malam Nahawu ya ce ya karanta abin da ya ishe shi yanke hukunci.

"Shafi nawa ke nan?"

Ya ce goma sha ɗaya.

"Ranka ya daɗe shugaban iyaye?"

Mai tayal ya ce maiɗakinsa ce ta ba shi labari. Daga can baya maiɗakin ta ce ita ma maƙwabciyarta ce ta gaya mata.

"To ni na karanta," in ji Gwaggo. "Kwana tara, har na rasa ganin likita. An ba ni jan biro in nemo iskanci, ga biron nan, ko ɗigo bai ragu ba. Yaron nan shafi ɗari biyu yana gyaran keke. Ni da na zauna da direba na san ɗan iska in na gan shi, wannan ko hanyar bai sani ba."

Aka kwashe da dariya. Shugaba ta buga tebur.

"Ba wai ba shi da aibu ba," Gwaggo ta ci gaba. "Gashin idon yaron nan sau arba'in da ɗaya aka ambace shi, na ƙirga. Ko tsintsiya ce ai ta ƙare. Yarinyar kuma kuka ya yi mata yawa, kuma yadda take wanke-wanke, da a ɗakina take da mun raba hali. Akwai babi guda da aka ɓata a kan ruwan sama na sauka, kamar ba mu taɓa ganin ruwa ba. Malam ya ce jimlolin gajeru ne. Gaskiyarsa. Shi ya sa irina ta iya kaiwa ƙarshe. Nasa littafin da ya rubuta ake raba wa yaran, mai dogayen jimlolin, ni nake tsince shi a ƙarƙashin ƙafar gado an yi waigi da shi."

Ta juya ga iyayen.

"Amma ga abin da na gani. Shekara ashirin da biyu nake kwana da 'ya'yanku. Kuna kawo su da mota, kuna murmushi, kuna ɗauka ba su san komai ba. Sun sani. Sun san wanda aka sallama daga aiki, sun san iyayen da suka daina magana da juna, sun san ciwon da ake ɓoye musu. Suna zuwa da shi a ciki, ni kuma akwati kawai nake bincikewa. Akwai yarinya a ɗakina, ba zan faɗi ko 'yar waye ba, kada kowa ya kalli wani. Shekara uku ban ji muryarta ba sai a kiran suna. Shekaranjiya ta gan ni da littafin nan, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, Mama, ni ma ni nake yi wa babana guga. Muka zauna. Ta yi magana ta fi awa. Ni ban san adabi ba, aji huɗu na tsaya. Amma littafin da ya buɗe bakin yarinyar nan ya yi aikin da ni da ku duka muka kasa."

Ta zauna. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Wani uba a layin gaba ya sunkuyar da kai yana gyara agogon da ba abin da ya same shi.

Kada ku ɗauka ta ci nasara. An hana littafin. Shugaba ta riga ta sa an buga sanarwar tun kafin taro, har an sa hannu, kuma ta ce ba za a yi asarar takarda ba. Mai tayal ya ce jawabin metiron ya ratsa shi, amma doka doka ce. Aka kuma ɗora wa Gwaggo alhakin ƙwace duk kwafin da ta gani.

Ta kuwa ƙwace, da zuciya ɗaya. Cikin wata guda ta tara goma sha bakwai. Ta sayo gam da zare, ta zauna ta haɗa yagaggun, ta jera su a kabad. Daga nan duk yarinyar da ke so sai ta zo bayan lokacin nazari ta ce, "Mama, na zo duba kayana da aka ƙwace." Gwaggo ta duba hannunta ko da maiƙo, ta miƙa mata, kwana uku ta dawo da shi a sake ƙwacewa. Wadda makinta ya faɗi a jarrabawa ba ta ganin ko bangon. Wadda ta ninke kunnen shafi ta wanke bayi. Wadda ta faɗa wa wata ƙarshen labarin kuwa, wannan hukuncinta ya fi na satar fita. Da suka gama da shi suka fara tambayar ko an ƙwace wani abu sabo, dole Gwaggo ta riƙa aikena kasuwa ina sayo mata littattafai, tana ƙwacewa daga hannuna a bakin ƙofa don a cika ƙa'ida.

Malam Nahawu ya daina amsa gaisuwarta har zango guda. Daga baya ya aiko a ba shi kwafi ɗaya, wai zai yi nazarin kurakuran ciki. Ya riƙe shi mako uku. Da ya dawo da shi ya ce ra'ayinsa bai canza ba, amma bai kamata a ce yaron ya tafi haka ba ko sallama. Gwaggo ta ce ya makara da kwana goma sha takwas, kuma ya gode wa Allah shi malami ne.

Da aka buga ci gaban labarin, kashi na biyu, ta karanta, ta ce marubuciyar ta lalace, an fara yabonta ta fara jin kanta. Har yau in kana son faɗa da ita ka ce na biyun ya fi.

Yanzu ta yi ritaya, tana zaune a ɗakin da babana ya gina mata a gidanmu. Bara ta sa na sayo mata littafin rubutu mai shafi tamanin, ta ce ita ma za ta rubuta nata, tunda dai ta ga abin ba wahayi ba ne. Labarin wata metiron ce kyakkyawa, doguwa, mai hankali, wadda duk gari ke neman shawararta. Kowace safiya bayan ta karya takan zauna a baranda ta rubuta layi uku ko huɗu, tana cizon biro. Matsalar ita ce a shafi na goma sha ɗaya metiron ɗin ta riga ta kori dukan ɗaliban makarantar, ta sa an sauke shugabar, ta aurar da malamin harshe ga wata mai faɗa. Ba kowa ya rage a labarin sai ita da mai gadi.

Na ce, "Gwaggo, ai sai ki dawo da ko yarinya ɗaya, labari ba ya tafiya ba mutane."

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Da abin da suka yi? Sai iyayensu sun zo da kansu."

Makon jiya na leƙa, na ga ta kai shafi na goma sha biyu. Iyayen sun zo, suna tsaye a rana, metiron ɗin ta ce a gaya musu tana barci.